Zariyar da Hassan ya ja a bakin tafki

Shekara bakwai ke nan da muka kai Hassan makwancinsa a Badaguishiri. Tagwaye ne mu, ni ne Husainin. Muna yara ko takalmi aka saya wa ɗaya sai an saya wa ɗayan, har ranar da Baba ya sa shi lakwal, makarantar boko, ni kuma ya miƙa mini guga a garkar albasa. Shi ya zama mushe, wato malamin makaranta, mai koyar da ilimin halittu a Ƙonni, ni ina nan da gugana.

Wata damina da ya zo hutu, ya kamfato ƙwan kwaɗo a tafki cikin ƙwarya, ya ba ni gilashin ƙara girman abu. Ina kallo ƙwai ɗaya ya fara yin ƙugu, sannu sannu, kamar mai numfashi cikin barci. Sai ya cafki zariyar wandona ya ja.

"Haka shika yi, Husaini. Akwai zobe na zare iri biyu, aktin da miyozin, irin masu motsa damtsenka. Su ka matse tsakiya har ɗaya shi koma biyu."

Na ce in zoben ya ƙi ja fa? Ya ce to babu kwaɗo ke nan. Na tuntsire da dariya, na ce kai dai boko ya gama da kai.

Bana ɗiyarsa Rabi, wadda na riƙe tun rasuwarsa, ta ci jarrabawa, aka kira ta Yamai karatun likita. Na hana. Na ce hanya da nisa, na ce birni ba ya tarbiyya. Wallahi tsoro ne kawai. Fuskarsa gare ta, ina ganin in ta tafi ya sake mutuwa. Sabo turken wawa.

Da Hassan zai leƙo yau, ba salular da ke aljihun yara ce za ta ba shi mamaki ba, ni zai tsura wa ido. Tafkin ya cika bana. Nakan tsaya bakinsa da la'asar, in ji kamar yana bayana da ƙwaryarsa tana ɗiga.

Bai bar shanu ba, bai bar gini ba. Yarinya ya bari, da waccan magana ta zoben da in ya ƙi ja babu kwaɗo. Ita na tuna, na yarda Rabi ta tafi. Jiya da hantsi a tasha, Rabi na ta fama da bakin buhun garin da innarta ta ɗura mata. Na ce, "Kawo nan, ɗiyata." Na kama igiyar, na ja da hannuna har bakin ya rufe. Allah ya jiƙanka, Hassan. Motar ta tashi da ita.