Rijiyar Saje Sha'aban

A hanyar Baure, in ka gangara fadama, akwai wani lambu da aka kewaye da ƙaya. Na Saje Sha'aban ne. Mai shi ya rasu, amma sunan bai canza ba.

Saje ya shiga soja yana saurayi, don kawai ya ga wani ɗan garinsu ya zo hutu da takalmi mai ƙyalli. Aka kai shi Kaduna, aka kai shi Legas, daga baya aka kwashe su zuwa Laberiya. Ya dawo da ɗingishi da kunnen hagu a toshe, bai kuma taɓa ba kowa labarin yaƙi ba. In ɗansa Ya'u ya matsa masa, "Baba, wai mutum nawa ka harbe?" sai ya juyo masa da kurman kunnen ya ce, "Me ka ce, in ba ka fartanya?" Shi ke nan, tambaya ta zama aiki.

Ya'u kuwa bai gama sakandare ba. Ya taɓa acaɓa, ya taɓa cajin waya, ya taɓa bin motar Kongolam, babu inda ya daɗe. Uban na kiransa Kurtu, shi kuma yana ce masa Janar na Albasa.

A lambun nan ko tumatir sai ya tsaya a layi. Akwai latas, akwai zogale, har da ganyen ugu na miya da Saje ya shuka saboda Ijeoma, matar abokinsa Nwafor mai kayan gyaran mashin. Amma zuciyar Saje tana kan dashen mangwaron da ya yi wa aure da hannunsa. Duk rijiya ɗaya ke shayar da su, wadda ya haƙa cikin yashi. Da guga yake ja. Ya ɗiba da safe, ya bar ta ta taru, ya dawo da yamma.

"Janar, duniya fa ta koma inji."

"Wannan tsohuwa ce irina, Kurtu. A hankali ake bi da ita."

Cikin sanyi tari ya kwantar da Saje. A gadon asibiti a Daura ya riƙe hannun Ya'u ya ce, "Dashen nan, ka kai min su damina. Iyakar aikinka ke nan." Ya'u ya sara masa yana dariya, don in bai yi dariyar ba kuka zai yi.

Bayan rasuwar Ya'u ya yi ƙoƙari, tsakani da Allah. Ya ja guga har tafinsa ya saɓule. Da bazara ta kama, sai ya je wajen Nwafor aron injin ban ruwa.

"Ɗana, babanka bai yarda da abin nan ba fa."

"Oga, Janar ya yi ritaya. Yanzu mulkin farar hula ake."

Kafin hantsi lambu ya jiƙe sharkaf, Ya'u har da ɗaukar hoto. Sai injin ya fara tari yana aman yashi. Ya zuƙe ruwan har ƙasa, ya kwashe yashin da ke riƙe da gindin rijiyar. Washegari aka tarar ta rufta. Masu haƙar rijiya suka zo suka leƙa, suka ce ba mai shiga nan sai wanda ya gaji da duniya, sabuwa kuma sai bayan damina.

Ya'u ya koma jigilar jarkoki a mashin daga burtsatsen cikin gari. Ya bi layi, ya zubo, ƙasa ta shanye tun bai miƙe ba. Latas ya fara tafiya, ugu ya bi shi. Dashen suka riƙa zubar da ganye ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye a kansu yana duban sama, ko gajimare babu.

Mahaifiyarsa Laraba tana takaba, ba ta fita. Kullum ya shigo sai ta ce, "Ya lambun Malam?"

"Inna, yau zogale har sara min ya yi."

Nan ne kaɗai take dariya a wuni. Sai ya sayo latas a kasuwa ya kawo mata, ta shinshina ta ce, "Ka ji ko? Na babanka daban ne." Nwafor ya sani, maƙwabta sun sani, kowa ya yi shiru.

Ranar da ta fita takaba, ta yi wanka ta sa sabon zane, ta ɗauko kwando.

"Kafin in shiga gidan kowa, kai ni lambun."

"Inna, ranar nan fa ko jaki ba ya fita."

"Ni ba jaka ba ce."

"Tayar baya ba iska."

"Mu je a hankali."

Ta riga ta haye bayan mashin. Ya'u ya hau gaba. Ya taka kik yana roƙon Allah mashin ya ƙi tashi. Bugu ɗaya ya tashi. Ta dafa kafaɗarsa ta ce ya bi ta gidan Ijeoma a dawowa, za ta kai mata ganye.