Gwiwar Abokina

Shekara takwas muka yi muna kokawar judo tare, ni da wani ɗan maƙwabtanmu a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan. Nauyinmu ɗaya, shi ya sa koci ya haɗa mu tun ranar farko. Da safe ina taya kawuna sayar da albasa a kasuwar Bodija, shi kuma yana okada da babur ɗinsa. Bayan la'asar sai mu taka zuwa wani ɗakin horo a bayan unguwar Mokola, mai katifun roba da duk suka tsattsage.

Ya fi ni iyawa, ban taɓa musu ba. Da wata ƙungiya a Fatakwal ta nemi koci ya turo mata mutum ɗaya, za ta ba shi ɗaki da abinci da horo na gaske, kowa ya san wanda za a tura.

Saura kwana goma sha ɗaya ya tafi, muka kama juna kamar kullum. Na shige ƙarƙashinsa na juya zan kayar da shi, ashe ƙafarsa ta maƙale a tsagar katifa. Jikinsa ya biyo ni, ƙafar ta tsaya. Duk ɗakin sai da ya ji ƙarar gwiwar. A asibiti aka ce jijiyoyi sun tsinke. Zai taka, amma shi da judo har abada.

Bayan mako biyu koci ya kira ni gefe. Dattijon Bayarabe ne marar kwana-kwana.

"Kai zan tura Fatakwal, gurbin nan ba zai jira ba," in ji shi. "Ɗakin nan ma mai ginin zai mai da shi shaguna ƙarshen shekara. In ka zauna a Ibadan, ka gama judo."

Ban gaya wa kowa ba, amma kafin Juma'a maganar ta zaga Sabo. In na isa teburin mai shayi sai hira ta mutu. Mahaifiyar abokina, wadda na ci tuwonta tun ina rarrafe, ta daina amsa gaisuwata. Wani ya ce mini a ƙofar masallaci, yana murmushi, "Ashe kai ne za ka tafi. Allah mai iko."

Kawu ya ce in tattara kayana, bakin mutane ba ya ƙarewa. Innata kuwa ta ce, "Kai za ka tafi, ni za a bari da su. Rijiya ɗaya muke ɗiba da uwarsa."

Gaskiya ina son tafiyar. Har na tambayi inda ake hawa motar Fatakwal. Wannan son ne ya fi tsorata ni, don na fara tambayar kaina ko na ga tsagar nan kafin in juya. Har yau ban sani ba.

Na ce wa koci ba zan je ba. Daga nan na wuce gidan su abokina. Na same shi a zaure, ƙafar a miƙe bisa benci, sandunansa jingine da bango. Na gaya masa, ina jiran in ga ya saki fuska.

Ya ɗago ya kalle ni.

"To ni me na samu?" ya ce. "Ka ƙi ne don a ce kai mutumin kirki ne. Ƙafata ta dawo?"

"Wallahi ba da gangan na yi ba."

"Na sani. Ni ne a ƙasa, ai na fi kowa sani. Tashi ka je, barci nake ji."

A unguwa kuma aka ce da ba ni da laifi, da ban fasa ba.

Koci ya tura wani yaro daga Akinyele. An rufe ɗakin horon, yanzu tayoyi ake sayarwa a wurin. Ni ina Bodija cikin buhunan albasa. Abokina ya sayar da babur ɗinsa, yana gyaran waya a bakin titi. Idan na wuce ina yi masa sallama. Yana amsawa, kansa na kan aikinsa.