Amanar da Lardi Ya Ƙi Karɓa

Inna ba ta taɓa barina na je ko'ina ba sai ta fara damƙa ni a hannun wani. Haka take tun da ta zo aikin Hajji da ni a goye, ita da mahaifina, jirgin alhazai ya koma ba mu a ciki. Mahaifina ya rasu ina rarrafe, muka zauna a unguwar Nuzla ta Jidda a ɗaki ɗaya, tana zuwa wanki da guga a gidajen masu hali na unguwar Ruwais. Ranar da aka sa ni makaranta ta kama hannuna ta sa a na malam, ta ce ta ba shi amana. Da na fara koyon walda ta je gareji ta ba maigidan amana, yana ƙarƙashin mota, sai da ya fito ya goge hannu. Har direban bas ɗin da ke kai mu aiki unguwar masana'antu bai tsira ba, kuma a lokacin ina da gemu.

A Jidda wannan ba abin wahala ba ne. Duk wanda tsohuwa ta ba amana zai dafa kai ya ce, "Abshiri ya Hajja," wato an gama Hajiya, ya manta da kai kafin ta kai bakin titi. Kafilina ma haka ya yi. Kafili shi ne ɗan ƙasar da sunansa ke kan iƙamarka, wato takardar zamanka. Fasfonka na cikin durowarsa, ba ka canza aiki, ba ka fita ƙasar, sai ya sa hannu. Ni na tsani durowar nan tun ban gan ta ba. Inna kuwa, da yake ita ba ta da iƙama ba ta da kafili, gani take mai kafili mai uba ne.

A shekarun farko na dubu biyu wani Bafilifine da muke walda tare ya tafi Kanada, ya aiko mini da bayani. Ya ce akwai lardin da ke da filaye da sanyi da masana'antu amma ba mutane, kuma lardin da kansa yake zaɓen masu sana'a ya miƙa sunansu ga gwamnatin ƙasar a ba su zama na dindindin. Na nema, da Turancin da na tsinta a bakin injin. Bayan dogon jira aka ce lardin ya zaɓe ni. Ranar na yi ta murmushi a cikin hular walda, ba wanda ya gani.

Da na gaya wa Inna, tambaya ɗaya ta yi.

"Wa ye kafilin?"

"Babu kafili, Inna. Daɗin abin ke nan."

"To a hannun wa zan sa ka?"

Na ce ba sai an sa ni a hannun kowa ba. Ta ci gaba da ninke kaya, ta ce in ba ta ba wani amanata ba, ba ta sa mini albarka ba, kuma in ina ganin zan iya hawa jirgi a haka, ga hanya nan. Ina da zafin kai, kowa a unguwa ya sani, amma ban taɓa iya tsallake maganar Inna ba. Bizar kuma tana da wa'adi, in ya wuce ban shiga ƙasar ba, shi ke nan, sai in koma wa durowa.

Nan Kawu ya shigo maganar, ba tare da an gayyace shi ba. Ƙanin Inna ne, aikinsa bin takardun mutane ofis-ofis, kuma tun da nake ban taɓa jin ya ce bai san abu ba.

"Ya ukhti, yaron nan bai fahimci nizamin ba, bai san tsarin abin ba," in ji shi. "Wa ya zaɓe shi? Lardi. To lardin shi ne kafili, halas."

"Kawu, lardi ba mutum ba ne. Yanki ne, kamar a ce yankin Makka."

"Yanki guda! Masha Allah, ashe amir ne ma. Kin ga ɗanki, kafilinsa amir."

Na fita na sha iska, don in na tsaya zan faɗi abin da ba a faɗa wa kawu. Kafin in dawo sun gama shawara: ba a zuwa wa babban mutum hannu rabbana. Inna ta yi dambun nama mai yawa, aka haɗa da dabino da turaren wuta, Kawu ya kwafe adireshin ofishin daga ambulan ɗina ya aika kwalin. Na yi ta addu'a ya ɓace a hanya. Bai ɓace ba. Ya dawo bayan makonni, an liƙa masa takardu ta ko'ina, dabino da turare na ciki, dambun babu. Na yi bayani cewa a can ba a barin nama ya shiga ƙasa, zubarwa ake yi. Inna ta leƙa kwalin ta girgiza kai.

"Ya cinye naman ya dawo da turaren. Mutumin nan zai yi wuyar sha'ani."

Sai aka koma kan waya. Akwai kabina, wato rumfar waya, a bakin titinmu inda ake buga ƙasar waje, muka je bayan magariba, lokacin da su can suke buɗe ofis. Inna ta sa mayafinta na zuwa biki, duk da na ce mata ba za a gan ta ba. Mu uku muka cusu a cikin akwatin gilashin nan. Na buga, muryar mace ta ɗauka, Inna ta fizge wayar ta fara gaisuwa: ina kwana, ya gida, ya yara, ya sanyi. Muryar ba ta amsa ko ɗaya ba, ta ci gaba da jero lambobin da za a danna.

"Inna, na'ura ce."

"Ko ma 'yar wa ce, ba a koya mata gaisuwa ba."

Na danna lamba, kiɗa ya fara. Kawu ya ce alama ce an tafi kiran amir. Inna ta yi istigfari ta nisanta wayar daga kunnenta, muka tsaya muna zufa, mutanen da ke layi suna ƙwanƙwasa gilashi suna cewa yalla. Ran nan har muka gaji amir bai fito ba. Sai a zuwa na uku ko na huɗu mutum mai rai ya ɗauka, wata mata mai sanyin murya. Na gaya mata lambar fayil ɗina, na ce mahaifiyata na da tambayoyi. Ta ce to, tana ji. Ni ne tafinta, wayar na yawo tsakanin kunnena da na Inna.

"Tambaye ta wa zai riƙe fasfonka."

Matar ta ce ni zan riƙe abuna.

"In ya bar aikin fa, wa zai kamo shi?"

Matar ta ce ba mai kamo ni. Suna fatan in zauna a lardin, tunda su suka zaɓe ni, amma ina iya canza wurin aiki. Na fassara wannan da ƙarfi, har da kallon Kawu, ina jin daɗi. Fuskar Inna kuwa sai ta ɓaci.

"Wanda bai riƙe fasfonka ba ai ba ya son ka. Ce mata na ba ta amanarka. Ta ce ta karɓa, mu tafi gida."

Na rasa yadda ake faɗin amana da Turancina na masana'anta. Na ce mahaifiyata tana so ki yi alkawarin za ki kula da ni, ke da kanki, in na yi ciwo ko na lalace ke za a tambaya.  Matar ta ce, cikin ladabi ƙwarai, akwai ofishin da ke taimaka wa sababbin zuwa su sami gida da makarantar Turanci, amma ita ba za ta iya ɗaukar wannan alkawari ba, don ba za ta iya cika shi ba. Kawu ya gane amsar daga fuskata, ya taka mini ƙafa yana raɗa, "Ce ta karɓa, ya walad, ce ta karɓa!" Na ji haushin matar nan kamar in fasa gilashin. Kalma ɗaya ce fa, kowane direban bas a Jidda yana ba da ita kyauta. Amma Inna na kallon bakina, kuma ba a yi wa Inna ƙarya tana kallon baki. Na ce, "Ta ce ba za ta iya ba."

Inna ta gyara mayafi. "Wannan tana tsoron Allah," ta ce, ta fita.

Kwanaki suka yi ta tafiya ba a sake maganar ba. Na daina cin abinci sosai, na yi faɗa da mai shago, na yi faɗa da Kawu, wanda yanzu ya koma cewa a aika wa amir rago ta hannun wani alhaji. Kafilina har ya yarda zai sa hannu in fita, ga biza a fasfo, abin da ya rage bakin tsohuwa ɗaya. Na fara haƙura, ina gaya wa kaina cewa sanyi ma ba shi da kyau ga ƙirji.

Wata Juma'a da safe tana shara ta tsaya ta dogara da tsintsiya.

"Ka ce a can kai ke riƙe fasfon?"

"Ni ne."

"In za ka fita ƙasar, wa ke sa hannu?"

"Ba kowa. Ni dai."

"To ai kai ne kafilin. Me ya sa ka wahalar da mu? Bayan la'asar ka sa kayan kirki ka zo, ina son ganinka."

Na ɗauka wasa take. Da la'asar ta kore ni waje da farar jallabiya ta rufe ƙofa, sai da na yi sallama sau biyu aka ce in shigo. Ta shimfiɗa dardumar baƙi, ga gahawa ga ƙananan kofuna. Ta zauna nesa da ni, ta rufe rabin fuska, ta gaishe ni gaisuwar manya, ta tambayi iyalina. Na fara dariya. Ta ɗago ido sau ɗaya, dariyar ta koma inda ta fito.

"Alhaji, ina da ɗa guda ɗaya," ta ce. Sai ta faɗi sunana. Ni ɗan fari ne, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, har na waiga in ga wa ake nufi.

Ta ce yaron yana da zuciya, in ransa ya ɓaci ba ya cin abinci, a tilasta masa. Ta ce sallar asuba tana yi masa nauyi. Idonsa na dama walda ta taɓa shi, yana ɓoyewa, yana zaton ba ta sani ba. Ba ya iya neman taimako, sai ya kusa mutuwa yake cewa wayyo. Ta ce ita ba ta da takardar da za ta bi shi, ko filin jirgi ba za ta iya raka shi ba, don haka duk abin da ya same shi a can, ni za ta tambaya a gaban Allah. Ta miƙo hannu ta kama hannuna na hagu ta sa a cikin na dama, ta danne da nata.

"Na ba ka amana. Ka karɓa?"

 Tsoro na ji, tsoro sosai, irin wanda ban ji ba ko a gaban 'yan sanda masu duba iƙama. Na ce, "Na karɓa, Hajiya."

"To madalla. Tashi ka tafi, ka turo mini ɗana."

Na fita na tsaya a lungu da takalmi a hannu, maƙwabciyarmu na kallona daga taga. Na share fuska na sake yin sallama. Na tarar ta yaye mayafin tana tattara kofuna, idonta jajir.

"Ina ka shiga, baƙo ya zo ya tafi ba ka nan?" ta ce. "Ban dai yarda da shi sosai ba, amma ba ni da wani. Zo ka durƙusa."

Na durƙusa, ta ɗora hannu a kaina.