Bargon Adda a Tsakiyar Bazara

Adda, yayata, tela ce a unguwar Luggere cikin Jimeta, kuma duk layinmu babu mai saurin baki kamarta. A wata bazara da zafin Jimeta ya kori kowa daga ɗaki, ita sai ta fara lulluɓa da bargo.

Da farko tsokanarta muka riƙa yi. Sai muryarta ta yi kauri, fuskarta ta kumbura, gefen girarta ya zube. In an yi mata magana sai ta zuba wa mutum ido, ta daɗe kafin amsa ta fito. Wata rana na same ta a gaban keken ɗinki, tana jujjuya hannun riga.

Na ce, "Adda, lafiya?"

Ta ce, "Wannan, a ina ake haɗa shi?"

Tun ina firamare take ɗinki.

Goggonmu ta zo daga Girei da rubutun sha da hayaƙi, ba a ga canji ba. Maƙwabciyarmu, wata malamar makaranta, ita ta ja ni gefe ta ce, "Ku daina jira, ku je a gwada jininta."

A asibiti a Yola, bayan sakamakon ya fito, likita ya taɓa maƙogwaronta. Ya ce akwai wata 'yar tsoka a nan mai zuba wani sinadari cikin jini. Sinadarin yana ratsawa har tsakiyar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, inda masu karɓarsa suke jira, kuma sai ya iso suke ba da umarnin aiki. Na Adda ya kusa ƙafewa.

Ya ce, "Da kun ƙara jinkiri, wata rana sai ku tashe ta daga barci ta ƙi tashi."

Ya rubuta mata ƙwaya, kullum da safe kafin ta karya, har iya rayuwarta.

Kafin damina ta ɗauke, Adda ta koma kan kekenta, tana faɗa da masu kawo ɗinki. Daga nan ta fara cewa ta warke, maganin me kuma? Mijinta ma ya goyi bayanta, wai kada jiki ya saba.

Ana cikin haka aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Mbamoi, na koma can da zama. Yanzu sai dai in kira ta da safe in tambaya. Takan ce, "Na sha mana," ta kashe wayar. Ba ni da hanyar sanin gaskiya.