Lilon Taya a Gindin Mangwaro

Har yau in na ji igiya tana gugar reshe, ko ta shanya ce, sai gabana ya faɗi.

A gidan da muka tashi a Agege, a Legas, akwai mangwaro a tsakar gida. A reshensa muka rataya tsohuwar tayar motar haya ta danfo, da igiyar da aka jawo ragon layya da ita daga kasuwar Alaba Rago. Damina ta wuce a kanta, ta sha ruwa ta sha rana, ba wanda ya duba.

Wata Juma'a da hantsi na ɗora ƙanwata, lokacin ba ta fi shekara biyar ba. Ina turawa, tana ƙyalƙyala dariya tana cewa in ƙara. Na ƙara. Sai da ƙafafunta suka kusa kai katangar da aka kafa wa fasassun kwalabe, na ji tas! daga sama. Sili ɗaya na igiyar ya tsinke. Dariya ta koma ihu.

Na ruga tsakiya na ware hannu zan tare ta.

"Kauce, ja'iri!" Kakanmu ne, wanda ya tsufa yana sauke kaya da ƙugiya a tashar jiragen ruwa. Ya yar da butarsa ya fizge ni. Tayar ta wuce fuu, iskarta ta doki kunnena. "A ƙasa ƙarfin lilon yake! Ku biyun zai kakkarya!"

Ya hau dakalin da ke can gefe, daidai inda lilon kan hau, gudunsa ya mutu, ya ɗan tsaya kafin ya juya. Ya bari ta je ta dawo. Wani silin ya sake tsinkewa. Da ta hawo ta tsaya cak a gabansa, ya sa hannu ya sunkuce ƙanwata.

Bai dake ni ba. Zama ya yi a dakalin, rungume da ita, hannunsa na kakkarwa.

"Duk tsayin da ka ba shi," in ji shi, "gudu yake zama in ya sauko. Gudun kuma ya sake komawa tsayi."

Yanzu an sare mangwaron, an jera shaguna a wurin, yaran gidan kuma waya suke latsawa. Tsohon ya daɗe da rasuwa. Kwanan baya na ba ƙanwata labarin, tana goye da autarta. Dariya ta yi, wai ita ba ta tuna komai ba sai daɗin lilon. Ashe ni kaɗai na rage da na ga hannun nan yana rawa.