Tuwon Matar da Na Ɓata wa Suna

Talata: Kano zuwa Doha

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gida a Gwammaja, uwargida tana min kashedin in rage surutu a ƙasar mutane. Ina fa! Ɗaliban Arewa da ke Kuala Lumpur ne suka gayyace ni in yi musu magana kan rubutu, kaina ya gama kumbura. Sana'ata rubuta tarihin 'yan fim da mawaƙa, ba tare da na tambaye su ba. A teburin mai shayi nake tsinto labari, sai in rubuta "wata majiya ta kusa da ita ta ce". Wanda ya fi sayuwa shi ne na Binta, jarumar da ta bar fim aka daina jin ɗuriyarta. Na rubuta cewa cikin shege ta yi ta gudu waje. Wallahi ko sau ɗaya ban taɓa magana da ita ba.

Jirgin bakwai ya kai ni Abuja. Da la'asar muka tashi zuwa Doha.

Laraba: Pantai Dalam

Awa bakwai da rabi daga Doha, muka sauka. Jami'in shige da fice ya tambayi me nake rubutawa, na ce tarihin manyan mutane, ya buga hatimi. Auwalu, ɗalibin digiri na uku da zai sauke ni, ya kira mota ta waya. Direban dattijo ne, ya juyo ya ce, "Sudah makan?" Auwalu ya ce tambaya yake ko na ci abinci, gaisuwarsu ke nan. Kusan kilomita sittin muka yi cikin ruwan sama zuwa unguwar Pantai Dalam, muka hau bene na tara.

Ko takalmi ban gama cirewa ba Auwalu ya sauka ya dawo da kuloli: tuwon shinkafa, miyar kuka, har da man shanu. Ya ce daga gidan Dakta Nasiru ne, wani malamin jami'a. Duk baƙon da ya zo daga gida, su ke ciyar da shi kwana uku. Na tashi da malmala huɗu.

Alhamis: Taro

Da safe muka sha shayi da burodin Indiya a shagon mamak, wato mai shayinsu, ringgit biyar na kuɗinsu. Ƙarfe goma muka hau jirgin ƙasa zuwa ɗakin taro. Ana cikin tambayoyi wani ya ce, "Malam Habu, maganar Binta gaskiya ce?" Na gyara hula na ce, "Ai rabi na rubuta." Wasu suka yi dariya, na ƙara gishiri. Dakta Nasiru yana zaune a layin gaba. Auwalu ya sunkuyar da kai, na ɗauka gajiya ce. Muka koma na tarar da dambu daga gidan Dakta.

Juma'a: Godiya

Bayan masallaci na ce a kai ni in gode wa matar Dakta Nasiru. Auwalu ya yi ta kame-kame, na matsa. Bene na huɗu ne. Dakta Nasiru ya shimfiɗa mana darduma, ya kira ta.

Binta ce. Hijabi har ƙasa, amma idon da na manna a bangon littafina ba zai ɓace min ba. Ta gaishe ni.

"Malam, ya baƙunta? Gishiri bai yi yawa ba?"

Na dubi Auwalu, ya ce, "Ita ta hana a faɗa maka. Ta ce kada ka kasa cin abinci."

Binta ta ce aurensu aka ɗaura a natse, mijinta ya samu karatu suka taho, shi ke nan labarin. Na zame daga dardumar na ce, "Don Allah Hajiya, ki yafe min."

"Ni nawa na yafe tun tuni, nan ba mai nuna ni da baki. Amma Innata a Kano maƙwabta suka karanta wa littafinka. Daga ranar ba ta sake zuwa biki ko suna ba, har ta rasu bara. Nata ba ni zan yafe ba."

Ban san yadda na hau benen nan ba. Kunya ta hana ni fita sallar la'asar cikin jama'a. Da magariba kuloli suka sake zuwa, kwana na uku ke nan. Na buɗe, na rufe.

Asabar da Lahadi: Gida

Dakta Nasiru da kansa ya kai ni filin jirgi, ya ɗaukar min jaka, yana nuna min gonakin kwakwar manja a hanya. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi. Ƙarfe biyu na ranar Lahadi na sauka Kano.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Auwalu da ɗalibai. Na kira maɗaba'a na ce kada a sake buga littafin, kuma ga shi na rubuta da hannuna: ƙarya na yi wa Binta. Ita ta ji. Wadda ya kamata ta ji tana maƙabarta.