Ranar da Baba Yohanna ya shiga ɗakin MRI

Cikin duk marasa lafiyar da na ɗauka hoto a Abuja, Mama Asabe ce ba ta fita raina. Da damina ne, shekarar da aka ɗaga ni zuwa babbar mai ɗaukar hoto a sashen MRI. Ga waɗanda ba su san aikin ba, mu muke kwantar da mutum a na'ura mu fitar da hoto, likita ya karanta. Ba mu da izinin faɗa wa kowa sakamako.

Mama Asabe maginar tukwane ce daga Ushafa, tana da kansar nono. An yi ta ba ta magani ta jijiya, gashinta ya zube, amma ƙarin da ke nonon bai ragu ba a taɓawa. 'Ya'yanta suka ce wahalar ta isa, gida za su mai da ita. Dokta Hadiza, babbar likitar da ke kula da ita, ta roƙi a yi hoto ɗaya tukuna.

Ta same ni ta ce, "Rabi, ina zargin tsakiyar ƙarin nan jini ba ya isa. Inda jini bai isa ba, iskar oksijin ta yi ƙaranci, magani ba ya cin wurin sosai. Ki nuna min inda ya mutu da inda yake da rai. In hoton bai fito ba, ba ni da abin riƙe su."

Irin wannan hoton, allura muke yi a jijiya, mu bi yadda ruwan yake ratsa ƙarin. Mara lafiya za ta kwanta rub-da-ciki, ba motsi. Ana yin allurar kuma, ba a maimaitawa a ranar.

Tun a gwajin farko, kafin allura, na'ura ta fara bugu, Mama ta zabura.

"'Yata, fitar da ni! Wannan kabari ne!"

Na fito da ita. Mijinta, Baba Yohanna, tsoho siriri, ya leƙo ya ce, "Madam, ko tsawa aka yi, sai na riƙe ƙafarta take barci."

Na nemi izinin Dokta ya shiga da ita, ta ce in tantance shi. Na'urar maganaɗisu ce, ba a shiga da ƙarfe. Muka tabbatar ba a taɓa sa masa ƙarfe a cikin jiki ba, muka kwashe makullai, agogo, wata tsohuwar wuƙar aljihu. Da aka zare bel, wando ya nemi ƙasa. Muka ba shi rigar asibiti. Mama ta kalle shi ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

"Dubi tsoho kamar mai jego!"

Na toshe musu kunnuwa, ya tsaya a ƙarshen gado ya kama dugaduginta. Ta gilashi ina ganin leɓɓansa na motsi, daga baya ya ce min waƙar coci yake yi da yarensu na Gbagyi, alhali ba ta ma jin sa. Har muka gama ba ta motsa ba.

Dokta Hadiza ta zaunar da iyalin gaban allo. Gefen ƙarin duk ya mutu, magani ya yi aiki. Tsakiyar da jini ba ya kaiwa ce ta ƙi. Ta ce abin da ya rage yanzu ana iya cire shi da tiyata. Babban ɗan ya ce, "To, Dokta, a yi."

Aka yi, Mama ta tashi. Tana zuwa dubawa har yanzu, kuma ba ta yarda kowa ya kwantar da ita sai ni.

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuka fara aiki kwanan nan: na'ura tana ganin cikin ƙari, amma sai mutum ya natsu take gani. Kafin ku taɓa maɓalli, ku tambayi wanda zai kwanta me ke kwantar masa da hankali, kuma ku jira ya ba ku amsa.